Kutsen Ido a Gwajin Lantarkin Ƙwaƙwalwa: Yadda Ake Cire Shi da Abin da Ake Asara

Duk wanda ya taɓa raka mai farfaɗiya gwajin EEG, wato gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa, a asibitin koyarwa na Shika ko a wani wuri, ya ji ma'aikacin ɗakin yana ta nanata magana ɗaya: "Malam, rufe ido. Kada ka juya shi. To, buɗe." In ƙaramar yarinya ce sai a ce da uwar, "Hajiya, ɗan lallashe ta, ta kalli wuri ɗaya." Da yawa sukan ɗauka ganin mara lafiyar ake gwadawa. Ba haka ba ne. Ma'aikacin yana fama ne da wani maƙwabcin ƙwaƙwalwa da ya fi ta ƙarfin murya, wato ido.

Lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa ɗan mitsitsi ne. Kafin ya ratsa ƙoƙon kai da fata ya iso ga 'yan ƙarafan da ake liƙawa a kai, waɗanda ake kira elektrod, ƙarfinsa yakan tsaya tsakanin maikrobolt 10 zuwa 100, kuma maikrobolt ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Likitan Jamus Hans Berger ne ya fara ɗaukarsa a jikin mutum a garin Jena a 1924, bai kuma yarda ya buga sakamakon ba sai 1929, saboda shi kansa yana tsoron kada abin da yake gani ya zama bugun jini ne ko motsin fata. Ashe tun ranar farko tambayar ke nan: wannan layin da ke rawa a takarda, na ƙwaƙwalwa ne ko na wani abu dabam?

Ƙwayar ido tana ɗauke da cajin lantarki nata na kanta. Gabanta, gilashin nan mai sheƙi da ake kira koniya, fozitif ne. Bayanta, inda ratina take, wato shimfiɗar da ke karɓar haske, negatif ne. Bambancin da ke tsakaninsu yakan kai kusan milibolt ɗaya, wato maikrobolt dubu. Muddin ido yana tsaye, wannan caji ba ya damun kowa, domin na'urar canji take rubutawa. Da zarar ya juya, sai filin lantarkin da ke kewaye da shi ya juya tare da shi, elektrod ɗin goshi kuwa ga su nan dab da shi.

A tsarin liƙa elektrod da ake kira 10-20, wanda Herbert Jasper ya wallafa a 1958 kuma har yau da shi asibitoci ke aiki, biyun da ke saman gira su ne Fp1 a hagu da Fp2 a dama. Idan mutum ya ƙifta, abin da za ka gani a allo shi ne layukan waɗannan biyun sun zurma ƙasa tare, zurmi mai santsi mai kama da harafin V, sannan su dawo, duka cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Zurfinsa yakan ninka na ƙwaƙwalwa sau da yawa. Layukan da ke bayansu su ma sukan ɗan lotsa, amma kaɗan, kafin a kai ƙeya abin ya kusa ɓacewa. A aji akan koya wa ɗalibai cewa ƙwayar ido ce ke mirginawa sama idan an rufe ido, abin da aka laƙaba wa sunan likitan Sikotilan Charles Bell. Wannan yana faruwa, musamman idan an runtse da ƙarfi. Amma a ƙiftawar yau da kullum fatar ido ce ta fi yin aikin: tana zamewa a kan koniya, ta zama gadar da ke kai cajin fozitif zuwa goshi. Kallon gefe kuma nasa zanen dabam ne. In ka dubi dama, koniya ta matso kusa da F8, elektrod ɗin da ke gefen goshi na dama, sai F8 ya zama fozitif, F7 na hagu ya zama negatif, layukan ɓangarorin biyu su yi hannun riga. Riƙe wannan bambanci na ƙiftawa da juyawa, zai dawo mana a gaba.

Mutum lafiyayye yakan ƙifta kamar sau 15 zuwa 20 a minti. Gwajin asibiti kuwa minti 20 zuwa 30 ne. Ka ƙara da halin da muke ciki a nan: wanda ya taso daga Giwa ko Soba a kan babur cikin hunturu, ƙura ta cika masa ido, iska ta busar da shi, aka kwantar da shi ƙarƙashin fanka. Wannan ko ka roƙe shi da girman Allah sai ya ƙifta. Kashe fankar da ba shi 'yan mintuna ya huta sukan yi abin da manhaja mai tsada ba za ta yi ba.

Mai karatu zai ce, ai tun da na'urar tana da matata, a tace mana. Matatar tana aiki sosai a kan wata hayaniyar. Wutar layi a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa (a Amurka 60 ne), kuma takan shiga zanen, balle in wayar ƙasa ta ɗakin ba ta da kyau ko man gashi da kitso sun hana elektrod kama fata. Tun da an san adireshinta, 50 daidai, sai a datse wannan wurin kaɗai. Ido bai da irin wannan adireshi. Yawancin ƙarfin ƙiftawa yana ƙasa da kaɗawa 4 ko 5 a daƙiƙa, nan ne kuma mazaunin igiyoyin ƙwaƙwalwa masu kaɗawa a hankali, waɗanda ake kira delta, da farkon na tita da ke biye da su. Igiyoyin delta a farke su ne alamar da likita ke nema idan yana zargin ƙari, ko rauni, ko ƙwaƙwalwa ta dugunzuma saboda ciwon hanta ko ƙoda. Farfaɗiyar nan ta yara da ba ta kayarwa, wadda yaro zai yi tsuru na 'yan daƙiƙoƙi a aji har malami ya ce ba ya mai da hankali, tambarinta kaɗawa 3 ne a daƙiƙa. Wanda ya tace duk abin da ke ƙasa da 5 don ya huta da ido, ya haɗa da abin da aka zo nema ya zubar.

Hanya mafi tsufa ita ce a yar da duk yankin da ido ya taɓa. A binciken da ake nuna wa mutum hoto ko a sa masa sauti sau ɗaruruwa, akan yanka zanen gunduwa-gunduwa, a ce duk gunduwar da ta wuce, misali, maikrobolt 100 a jefar. Tana da gaskiya guda: abin da ya rage ba a taɓa shi da lissafi ba. Sai dai mutane ba su ƙifta daidai da juna. Masu fargaba sukan yawaita, masu ciwon Fakinsin, mai sa karkarwar jiki, kuwa nasu raguwa yake yi. In ka kwatanta rukuni biyu, ɗaya an zubar masa da rabin bayanansa ɗaya kuma an bar masa kusan duka, kwatancen ya karkace tun kafin a fara. Cewa da mutum "kada ka ƙifta" ma ba kyauta ba ne, aiki ne na biyu ka ɗora wa ƙwaƙwalwarsa, kuma an ga yana sauya sakamakon da ake aunawa.

Daga nan aka koma ga debewa. Akan liƙa ƙarin elektrod sama da ƙasan ido da kuma gefunansa, su riƙa ɗaukar motsin idon kai tsaye; wannan layin shi ake kira EOG. Sai a lissafa kashi nawa na abin da ke EOG yake isa kowane wuri a kai. A ce ƙiftawa ta ba da maikrobolt 200 a ido, lissafi ya nuna kashi ɗaya cikin biyar ke kaiwa tsakiyar goshi. To duk lokacin da aka ƙifta sai a debe 40 daga layin wurin, a wurare masu nisa a debe ƙasa da haka. Gratton da Coles da Donchin sun fitar da sanannen salon wannan hanya a 1983, kuma sun lura cewa kason ƙiftawa dabam yake da na juya ido, don haka kowanne da nasa lissafin. Hanyar tana da sauƙi, tana aiki ko da elektrod kaɗan ne, ɗalibi zai iya rubuta ta da kansa cikin 'yan layuka. Matsalarta ita ce kutsen ba hanya ɗaya yake bi ba. Yadda ido ke shiga layin ƙwaƙwalwa, haka gaban ƙwaƙwalwa ke shiga layin EOG, tun da a bayan gira yake zaune. Duk lokacin da ka debe kason EOG, ka debe wani yanki na aikin ƙwaƙwalwar gaba ba tare da ka sani ba, har ma ka iya shafa inuwarsa a juye a kan layukan da a da ba su da shi.

Hanyar da ta mamaye fagen yanzu ita ce wadda ake taƙaita sunanta da ICA, wato rarrabe cakuɗaɗɗen saƙo zuwa tushe-tushensa masu zaman kansu. Ɗauki wurin ɗaurin aure a ƙofar wani gida a cikin birni. Mutum 19 sun ɗaga wayoyinsu suna naɗar sauti, kowa a inda yake zaune. Liman na magana, waliyyai na amsawa, jama'a na ƙus-ƙus, ga kuma sanƙira da muryarsa ta cika unguwa. Kowace waya ta naɗi kowa, sai dai gwargwado ya bambanta: ta kusa da sanƙira kusan shi kaɗai ta ji, ta nesa ta ji shi sama-sama. Da za ka tattara wayoyin 19, tun da kowace murya tana da nata gwargwadon a kowace waya kuma ba ta jiran wata kafin ta tashi, lissafi zai iya ware muryar sanƙira ita kaɗai, a kashe ta, a sake haɗa sauran, kowace waya ta koma kamar ba ya wurin. Elektrod su ne wayoyin, ido shi ne sanƙira.

Anthony Bell da Terrence Sejnowski suka buga lissafin da aka fi amfani da shi a 1995, Scott Makeig da abokan aikinsa a San Diyego suka gwada shi a kan EEG a 1996, sannan Tzyy-Ping Jung da su suka nuna a 2000 cewa ya fi debewa iya cire ido ba tare da cin naman ƙwaƙwalwa da yawa ba. Manhajar EEGLAB da Arnaud Delorme da Makeig suka bayyana a 2004 ita ta kai shi hannun kowa. Tana gudana a kan manhajar lissafi ta MATLAB, masu aiki da yaren kwamfuta na Python kuma suna da MNE; EEGLAB da MNE dukansu kyauta ne.

Idan ka gudanar da shi, manhaja za ta jero maka tushen da ta ware, kowanne da taswirar kai mai launi. Na ƙiftawa ba ya ɓuya: launi ya taru a goshi, daidai a hagu da dama, layinsa shiru-shiru sai tsalle ɗaya babba lokaci-lokaci, ƙarfinsa duk a ƙananan kaɗawa. Na kallon gefe kuma ja ne a gefe ɗaya na goshi, shuɗi a ɗayan, layinsa kamar matakala. Yawanci biyu ne ko uku. Ka cire su, ka sake haɗawa, zurmin V ɗin nan ya tafi, igiyoyin alfa na ƙeya, masu kaɗawa kamar sau 10 a daƙiƙa, suna nan yadda suke. Ganin farko abin yakan burge mutum ƙwarai, kuma a nan haɗarin yake, domin zane mai kyan gani bai tabbatar da cewa daidai ne ba.

ICA yana da sharuɗɗa da ba ya faɗa maka idan an karya su; sakamako zai ba ka ko ta halin ƙaƙa. Na farko, ba ya iya ware tushe fiye da yawan elektrod. Mai 64 yana da sarari. Mai 19 na asibiti yana iya samun biyan buƙata. Amma na'urorin nan masu araha da ɗaliban injiniya da kimiyyar kwamfuta a Samaru kan yi sha'awa don aikin kammala karatu, irin su Muse mai 4, ko allon OpenBCI mai 8, ko Emotiv mai 14, a kansu tushen da ka kira "ido" tabbas yana ɗauke da ƙwaƙwalwa a cikinsa. A kan elektrod 4, cire tushe ɗaya cire rubu'in abin da kake da shi ne. Na biyu, yana son bayanai masu yawa. Ƙa'idar da masu aikin kan bi ita ce a ninka yawan elektrod da kansa, sannan a ninka da 20 ko fiye: ga 64, wannan ya haura ma'auni 80,000, sama da minti 5 in ana ɗaukar 256 a daƙiƙa, kuma wannan mafi ƙaranci ne. Na uku, ba ya son layi mai gangarawa a hankali saboda gumi, abin da mutumin Zariya ya sani sarai a watan Afrilu in an ɗauke wuta. Shi ya sa akan tace abin da ke ƙasa da kaɗawa 1 a kwafin da za a horar da shi, sannan a ɗora sakamakon a kan asalin zanen. Na huɗu, yana ɗauka cewa komai na zaune a wurinsa. Elektrod ya goce a tsakiyar gwaji, lissafin ya rikice.

Sharaɗin da ya fi ba ni tunani shi ne na zaman kai. ICA yana ɗauka cewa ido da ƙwaƙwalwa ba sa shawara da juna, alhali kuwa ƙwaƙwalwa ce ke tura ido. Mutum yakan ƙifta daidai lokacin da ya gama yanke shawara ko ya kai ƙarshen jimla. Rufe ido yana tayar da alfa a ƙeya, abin da Berger ya gani tun farko. Ƙiftawa kanta tana haifar da amsa ta gaske a sashen gani, domin duniya ta yi duhu ta dawo. Wannan amsa ba kutse ba ce, lantarkin ƙwaƙwalwa ne halal, kuma tana nan bayan ka cire tushen ido. Haka nan in mutum ya ƙifta daidai lokacin da hoton gwaji ya bayyana, bai ga hoton ba. Ko ka goge zurmin tas, wannan gunduwar ta zubarwa ce.

Akwai manhajojin da ke zaɓar maka tushen da za a cire, kamar ICLabel da ya fito a 2019, wanda ke ba kowane tushe kaso: kashi kaza ido, kashi kaza tsoka, kashi kaza ƙwaƙwalwa. Yana rage wahala idan mutanen bincike sun yi yawa, amma ni ban ga dalilin da zai sa ɗalibi mai mutum goma ya ƙi duba taswirorin da idonsa ba. Ya kuma rubuta a rahotonsa tushe nawa ya cire wa kowane mutum, ya adana asalin fayil ɗin da ba a taɓa ba. Wani abin lura ga masu sauke bayanai daga intanet: shahararren kundin nan na Jami'ar Bon ta Jamus, na 2001, an riga an zaɓi gunduwoyinsa da ido, an kauce wa masu motsin ido da tsoka. Manhajar gano farfaɗiya da ta yi zarra a kansa ba ta taɓa cin karo da ƙiftawa ba. Kundin asibitin Jami'ar Temple ta Amurka ya fi kusa da abin da ake samu a ɗakin gwaji na gaske, da dattinsa da komai.

A asibiti kuwa lamarin ya juya. Likitan ƙwaƙwalwa ba ya so a goge masa ido, so yake ya gan shi. Ƙiftawa a zane shaida ce cewa mara lafiya a farke yake, kuma fassarar kowane layi ta dogara da sanin haka. Idan ido ya fara lilo a hankali hagu da dama a F7 da F8, gyangyaɗi ya soma. Motsin ido mai sauri cikin barci, wanda Aserinsky da Kleitman suka bayyana a Chicago a 1953, da shi ake gane matakin barcin da aka fi yin mafarki a cikinsa. Akwai ma nau'in farfaɗiya, wanda Peter Jeavons ya siffanta a 1977, da rufe ido ke tayar da shi, fatar ido ta riƙa karkarwa tare da fitar lantarkin ciwon. A nan duk wanda ya cire tushen ido ya cire rabin hujjar.

Abin tsoro a asibiti shi ne a ɗauki ido a matsayin ciwo. Fatar ido mai ɓari tana iya zana igiyoyi masu tsari a goshi, kamar delta ta gaba. Tsokar da ke jan ido gefe takan ba da ɗan tsini kafin motsin, sai wanda bai ƙware ba ya karanta shi tsinin farfaɗiya. Mai idon roba, ko wanda ido ɗaya ya lalace ƙwarai, ƙiftawarsa a gefe ɗaya za ta fito, ta yi kama da matsala a ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ma'aikaci nagari yake rubuta irin wannan a takarda kafin ya kunna na'ura. Kuskuren nan ba ƙarami ba ne a wurinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya kusan miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kowa ya san nauyin da sunan ciwon ke da shi a nan. Iyali sun sha yawon neman magani kafin su zo asibiti. A ce musu takarda ta nuna farfaɗiya alhali ƙiftawa ce, an ɗora wa yarinya shan maganin farfaɗiya irin su kabamazafin ko balfurowet na shekaru, ga zancen makaranta, ga na aure.

Maganin wannan a ɗakin gwaji bai buƙatar kwamfuta. A liƙa elektrod ɗaya a ƙarƙashin kowane ido. In abin daga ido yake, layin ƙasan ido da na goshi za su saɓa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, domin tushen yana tsakaninsu. In daga ƙwaƙwalwa yake, tare za su tafi, tun da duka biyun suna gefe ɗaya da shi. Ko kuma ma'aikacin ya ce, "Baba, ɗora yatsunka a kan idonka a hankali," ko shi ya ɗora ɗan ƙyalle mai laushi, ya dubi allo. Igiyoyin suka tsaya, ido ne. Ya rubuta lokacin a gefen zanen don likitan da zai karanta.

Saura wani kutsen da duk waɗannan dabaru kan tsallake. Ko mutum ya kafa ido a wuri ɗaya, ƙwayar tana yin 'yan ƙananan tsalle-tsalle, sau ɗaya ko biyu a daƙiƙa, waɗanda shi kansa bai san yana yi ba. Kowane tsalle yana zuwa da ɗan tsinin lantarki daga tsokokin ido, gajere ƙwarai, wanda idan aka warware shi ta fuskar kaɗawa yakan bayyana a sama, a yankin da ake kira gamma. Shekaru masu bincike suna ba da rahoton ƙaruwar gamma jim kaɗan bayan an nuna wa mutum hoto, suna danganta ta da yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa siffar abu. A 2008 Shlomit Yuval-Greenberg da abokan aikinta a Jami'ar Hibru ta birnin Ƙudus suka haɗa EEG da kyamarar bin ƙwayar ido, suka nuna cewa wannan ƙaruwa a zanen fatar kai tana bin ƙananan tsallen ne sau da ƙafa. Ba ta fitowa a goshi kaɗai yadda za a yi zarginta. Dangane da inda aka sa elektrod ɗin ma'auni, wanda ake auna sauran da shi, tana iya bayyana har a bayan kai. Wanda zai yi bincike a kan gamma a ɗakin gwajin da babu irin wannan kyamara, ya liƙa elektrod kewaye da idanun biyu, ya auna su da wani na bayan kai don tsinin ya fito fili, ya kuma duba ko ICA ya ware masa tushe na musamman kafin ya ce ƙwaƙwalwa ce.